Mun ciyo lambar yabo a Abuja, mun iso gida ba ma ga maciji da juna

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne daga Argungu, shekarata 26. Ni da abokaina biyu muka yi wani gajeren fim na minti 17 a kan wani dattijo masunci na unguwarmu, wanda ƙarfinsa ya ja baya ya daina shiga ruwa, yanzu saƙar homa yake yi yana sayar wa matasa. Ni na kawo tunanin, ni na ba da umarni. Ɗayan abokin shi ke da kyamara, da ita yake ɗaukar bukukuwan aure yana rufa wa kansa asiri. Ɗayan kuma shi ya tace hoton a laftof ɗinsa, rabin aikin a shagon caji ya yi shi saboda rashin wuta. Kuɗin mai da na abinci karo-karo muka riƙa yi, ba wanda ya rubuta komai.

Allah Ya sa wani bikin baje kolin fina-finan masu zaman kansu a Abuja ya karɓi fim ɗin, muka tafi mu uku. Daren rufewa aka kira sunana ni kaɗai a matsayin sabon darakta, aka ba ni lambar yabo da naira 400,000. Na rikice a kan dandamali, na gode wa Allah da iyayena da masu bikin, na sauko ban ambaci abokaina ba. Bayan an tashi wani mutum ya ba ni katinsa, ya ce yana son sa fim ɗin a wata manhajar kallo, in dawo Abuja mu yi magana ni da shi.

A hanyar komowa, da motarmu ta tsaya salla da cin abinci a Kwantagora, mai kyamara ya ce, "To darakta, nawa ne namu?" Na ce a bari mu isa gida. Ya ce ai tun a Abuja ya ga take-takena. Mai tacewa ya ce shi ba ya son ko kwabo, fim ɗin yana cikin laftof ɗinsa, a tasharsa ta YouTube zai ɗora shi. Raina ya ɓaci, na ce in ba don labarina ba da har yanzu amare suke bi da kyamara. Daga nan har Yawuri, har Koko, har Jega, ba wanda ya ƙara ce wa wani uffan. A tashar Birnin Kebbi kowa ya nemi motar Argungu daban.

Har yau ba ma magana. Baba ya ce in raba masu kuɗin, in bar harkar fim, in dawo shagonmu na shinkafa. Mutumin Abuja yana ta kira. Jiya kuma ɗan dattijon ya tare ni, wai sun ji an ba mu miliyoyi da hoton ubansu. Kawu, kuɗin suna nan ban taɓa su ba. Ina son aikin nan, ina kuma son abokaina. Ta ina zan fara?

Ɗanka, daga Argungu

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da isowa gida lafiya, barka da arziki kuma. Samari uku daga Argungu, da kyamarar ɗaukar biki da laftof da ake kai wa shagon caji, su yi fim har a haska shi a Abuja a tafa masa, wannan abin a yi wa Allah godiya ne, kada rigimar da ta biyo baya ta mantar da kai. Na kuma ji daɗi ƙwarai da ka ce kuɗin suna nan yadda aka ba ka su. Ka ci gaba da riƙe su haka har ku zauna, domin da ka taɓa ko naira 5,000 a ciki, da maganar ta fi haka wuyar gyara.

Ka fara da abokanka, kuma ka fara da ban haƙuri kafin lissafi. Ina so ka koma daren nan ka zauna a kujerarsu. An kira fim ɗinku, sun tashi suna tafi. Ina kyautata zaton mai kyamara ma wayarsa ya ɗaga yana ɗaukarka, tunda hannunsa ya saba. Ka gode wa wannan, ka gode wa wancan, suna jiran su ji sunansu a lasifika a gaban manyan masu harkar, sai suka ga ka sauko. Daga nan suka hango wani ya ja ka gefe yana miƙa maka kati. Da wannan suka kwana, da shi suka shiga mota, ga gajiya, ga zaman matsi na awanni, ga aljihu ya yi ƙasa. Lokacin da kuka isa Kwantagora abin ya riga ya cika masu ciki. Amsar da ka ba shi ta a bari a isa gida daidai ce a hankalce, amma shi a kunnensa ta shiga ne a matsayin ƙarin shaida cewa an fara ajiye su gefe.

Maganar amare ita ce ta fi ciwo, kuma ba zan sassauta maka a kanta ba. Sana'arsa ce ta halal ka yi wa gori. Da kuɗin waɗannan bukukuwan yake riƙe kyamarar da ta ɗauki dattijonka, a wajen bin amaren nan ne hannunsa ya koyi tsayawa cak, idonsa ya koyi haske. Ka tashi ka je gidansa da ƙafarka, kai kaɗai, bayan la'asar. Kada ka aika saƙon WhatsApp, kada ka tura wani. Ka ce masa abin da ka faɗa bai dace ba, rashin ambatonsu a dandamali ma bai dace ba, ya yafe maka. Ka tsaya a nan, kada ka ƙara da "amma kai ma". Haka za ka yi wa mai tacewa. Ka san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kun wuce wannan iyakar, kai kuma ka fi su sauƙin farawa tunda abin da ake rigimar a kansa yana hannunka. Sannan tunda a bainar jama'a aka manta da su, a bainar jama'a za a tuna da su: ka sa hotonku ku uku da lambar yabon a shafinka na Facebook, ka rubuta sunan kowa da aikin da ya yi.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Al'adar bukukuwan fim ce a kira sunan darakta a lambar darakta, ba ƙwace ka yi ba. Kasancewar fim a cikin laftof ɗin mutum bai mayar da shi nasa ba, barazanar da mai tacewa ya yi kuskure ce. Shi ma mai kyamara bai kyauta ba da ya tayar da zancen kuɗi a gidan abinci a gaban fasinjoji. Sai dai ka bar waɗannan a cikinka ranar ban haƙuri. In zukata sun huce, sau da yawa da kansu za su faɗa.

Tushen rigimar ya girmi tafiyar Abuja. Abin da kuka yi kamar mutum uku ne suka noma fadama guda, ɗaya ya kawo iri, ɗaya injin ban ruwa, ɗaya ƙarfinsa, ba a yi maganar rabo ba sai ranar da aka ɗinke buhuna. Kowa zai ga nasa ne ya fi yawa, kuma kowa da hujjarsa. Don haka bayan sulhu da kwana biyu ko uku ku sa ranar zama, ku gayyaci mutum na huɗu da dukkanku kuke jin nauyinsa, wani yayanku ko malaminku. Kada ya zama mahaifinka, domin za su ji kunyar faɗin abin da ke ransu a gabansa. A zo da takarda da biro. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka kada wani a cikinku ya ɗauka cewa rubutu tsakanin aminai alamar rashin yarda ce.

A zaman, ku fara da abin da kowa ya fitar daga aljihunsa: mai, abinci, data, caji, kuɗin tura fim ɗin, motar zuwa da dawowa, masauki. Kowa ya tuno nasa, a rubuta, a mayar masa. Daga nan a ware na dattijo, zan zo kansa. Abin da ya rage, ra'ayina a raba shi uku daidai, lambar yabon kuma ta zauna a wajenka tunda sunanka ke jiki. Na san zuciyarka za ta ce ai kyautar darakta ce. Haka ne, amma alƙalan bikin ba su ga umarninka ba sai ta cikin hoton da ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya tace, kuma ba ka biya su ladan aiki ba balle ka ce ma'aikatanka ne. In kuwa wani ya ga rabon daidai bai yi masa adalci ba, akwai wata hanyar: ku tambayi masu harkar a Birnin Kebbi nawa ake hayar irin wannan kyamarar a yini, nawa ake tace fim mai wannan tsawon, a kuma yi wa watannin da ka yi kana zirga-zirga wajen dattijo kuɗi, sai a raba bisa nauyin kowa. Ta fi wahala, takan kuma jawo musu, shi ya sa na fi son ta farko. Zai yi kyau kuma ku yarda a bar wani abu a asusu, ko naira 50,000 ce, don tura fim ɗin wasu bukukuwan.

Abin da ya fi naira 400,000 muhimmanci shi ne wa ya mallaki fim ɗin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana ɗaukar wanda ya yi tsare-tsaren samar da fim a matsayin mai shi, sai dai in waɗanda suka yi aikin sun ƙulla wata yarjejeniya daban a tsakaninsu. A aikin karo-karo irin naku kowa zai iya cewa shi ne ya yi tsare-tsaren, don haka ku rufe wannan ƙofar da kanku. Shafi guda ya isa: sunayenku, kason kowa, wanda zai riƙa magana da masu saye a madadin sauran, da sharaɗin cewa ba mai ɗora fim ɗin a intanet ko ya sayar da shi sai da sa hannun ku uku. Kowa ya sa hannu, shaida ya sa, kowa ya riƙe kwafi. A ranar kuma ku kwafe fim ɗin da dukkan ɗanyen hoton da aka ɗauka a na'urorin ajiya biyu, a ajiye a gidaje biyu daban. Wannan kariya ce ga shi kansa mai tacewa, domin laftof ɗin da ke kwana a shagon caji yana iya lalacewa ko ya ɓace.

Yanzu dattijo, wanda a wasiƙarka ya zo ƙarshe, amma ni a wajena haƙƙinsa yana gaba. Fuskarsa aka kalla a Abuja, hannuwansa da ke ɗaure zaren homa, labarin shekarunsa a ruwa. Ɗansa bai yi laifi ba da ya tambaya. A gari irin namu labarin kuɗi ninkuwa yake yi daga baki zuwa baki, kuma ba abin da ke kashe shi sai a ga zahiri. Ku je ku uku, da goro, da lambar yabon, da laftof. Ku zauna a zaurensa, a kira 'ya'yansa manya. In bai taɓa ganin fim ɗin daga farko har ƙarshe ba, ku kunna masa, ku bar shi ya kalli kansa a natse. Ku faɗa masu ainihin kuɗin, ka buɗe wayarka su ga saƙon banki da idonsu, ku bayyana abin da aka kashe, sannan ku miƙa masa nasa a hannunsa, da alƙawarin cewa in an sayar yana da kaso. Ku tsayar da kason tun yanzu, ku sa shi cikin takardarku.

A wannan zaman ne kuma za ku nemi izininsa a rubuce na nuna fim ɗin a bukukuwa, a talabijin da intanet. A karanta masa da Hausa dalla-dalla, in ajami yake karantawa a rubuta masa da ajami, ya sa hannu ko ya dangwala, ɗansa ya zama shaida. Ku ɗauki amincewar tasa a bidiyo ma. Duk mai sayen fim da ya san aikinsa sai ya nemi wannan takardar. In dattijon ya ce akwai wurin da ba ya so duniya ta gani, wataƙila cikin gidansa ko wata magana da ya yi a kan halin rashi, ku saurare shi ku cire, ko da wurin ne aka fi yi wa tafi. Haka in kun sa waƙar wani ko kiɗan wasu makaɗa a ciki, su ma sai an nemi izininsu.

Maganar YouTube kuwa, ka fahimci mai tacewa tukuna. Aikinsa aiki ne da ba a ganin mai shi, yana son mutane su san hannunsa, yana son tasharsa ta girma. Sai dai lissafin ba ya goyon bayansa. Kafin YouTube ya fara ba tasha kaso daga kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Fim na minti 17 shi kaɗai, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe fiye da sau 14,000 kafin a cika waɗannan awannin. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai bukukuwan da ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita kyauta a intanet, mai manhaja ma ba zai biya kuɗi a kan abin da kowa ke gani a banza ba. Fim ɗinku bai gama yawonsa ba. Akwai bukukuwan fim irin su Zuma a Abuja, AFRIFF a Legas, KILAF a Kano, akwai na Kaduna, akwai kuma FESPACO a Wagadugu ta Burkina Faso, wanda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu. A shafin FilmFreeway za ku ga bukukuwa masu yawa da sharuɗɗan kowanne, ku karanta da kyau kafin ku biya kuɗin shiga. Ku sa wa fim ɗin fassarar Turanci mai tsabta a ƙasa, ku nemi wanda zai yi ta Faransanci, ba za ku rasa ba tunda Nijar da Benin maƙwabtanku ne. Abin da za ka ba abokinka yanzu shi ne tallar fim ɗin ta minti guda da hotunan bayan fage, ya ɗora a tasharsa da sunansa ɓaro-ɓaro. Cikakken fim ɗin kuma ku tsayar masa da lokaci, misali bayan shekara guda, in ba a sayar ba.

Mutumin Abuja kada ka zarge shi, kada kuma ka yi rawar jiki. Mai yiwuwa ya nemi ganinka kai kaɗai ne don ya ɗauka darakta ne mai fim. Ka ɗaga wayarsa, ka gode masa, ka ce fim ɗin na mutum uku ne, ya turo tayinsa a rubuce ta imel ku duba tare. Yadda zai karɓi wannan maganar zai nuna maka abubuwa da yawa game da shi. Ku nemi sunan kamfaninsa ku duba ko yana da rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku tambayi fina-finan da ya taɓa ɗauka, ku nemi ɗaya daga cikin masu su ku ji ko an biya shi. A takardar ku duba: sayarwa ce ta har abada ko haya ce ta wasu shekaru, a waɗanne ƙasashe, shi kaɗai zai nuna ko kuna da damar ba wasu, kuɗi dunƙule ne ko kaso, yaushe za a biya, za ku iya ci gaba da zuwa bukukuwa, kuma wa zai ɗauki nauyin kai fim ɗin hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Ni dai na fi son ku ba da haya ta shekara biyu ko uku a kan ku sayar ɗungurungum, domin doka ta ba fim kariya ta shekara 50. Ita dokar ma ba ta amincewa da miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce, saboda haka alƙawarin baki ba ciniki ba ne. Kada ku tura masa tsabtataccen kwafi kafin sa hannu, ku tura mai tambari a jikin hoton. In ya ce ku ne za ku fara biyan wani kuɗi, ku tsaya a nan. Ku kai wa lauya takardar ya karanta, kuɗin da zai karɓa bai kai asarar da zai tsare maku ba. In ta kama a koma Abuja, ku je aƙalla ku biyu, ku bi motar asuba, kada dare ya same ku a hanya.

Baba kuwa abin da ya gani shi ne ɗansa ya tafi da abokai ya dawo babu su, ga wani yana tare shi a hanya a kan kuɗi. Kowane uba zai ce a bar abin. Kuma yana da gaskiya a wani wajen: gajeren fim ba ya ciyar da gida, shagon shinkafa kuwa yana ciyarwa. Kada ka yi jayayya da shi yanzu. Ka koma shago gobe da sassafe, ka riƙe shi da gaske. Idan sulhu ya tabbata, dattijo ya sa albarka, sai ka samu Baba cikin natsuwa, ko ka bi ta wajen Inna ko wani baffanka, ka nuna masa fim ɗin da takardar da kuka rubuta, ka roƙi ya ba ka wasu ranaku sanannu na ɗaukar hoto, ban da lokacin kaka da shago ke cika, har shekara guda a gani. A matakin da kake ba ka buƙatar barin Argungu. Bikin kamun kifin garinku tun 1934 ake yin sa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016, baƙi suna zuwa Matan Fada, inda ake kamun kifin, da manyan kyamarori su yi 'yan kwanaki su tafi. Kai kuwa ka san wanda ke saƙa homar, ka san matan da ke turara shinkafa, ka san ƙofar gidan tarihi na Kanta, ga bikin Rigata a Yawuri, ga bikin Uhola a Zuru. In daga baya ka so zurfafa ilimin aikin, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, sai a yi maganarta lokacin da Baba ya ga inda aka dosa.

Yana iya yiwuwa ka je ban haƙuri ɗayansu ya ƙi sauraro. In haka ta faru, kada ka kai maganar Facebook, kada ka kai ta ofishin 'yan sanda. Ka yi lissafin a gaban wannan mutum na huɗu, ka ba shi kason wanda ya ƙi zuwa ya kai masa, a rubuta cewa an karɓa, ya kuma roƙi mai tacewa ya dakata da ɗora fim ɗin har a zauna. Haka nan in bayan komai kun ga ba za ku iya sake aiki tare ba, babu laifi kowa ya yi fim ɗinsa na gaba da wasu, ku ci gaba da gaisawa da zuwa sunan juna, wannan fim ɗin kuma ya zauna a kan abin da takarda ta ce.

Idan kun zauna ka rubuto mini abin da kuka tsayar. In mutumin Abuja ya turo takardarsa kafin nan, ka haɗo da sharuɗɗan da ke ciki, ka cire sunaye, mu duba su tare kafin ku kai wa lauya. Ka gaishe mini da Baba.

Kawu